Bin sawun saƙon gargaɗin da katangar tsaro ba ta aiko ba

A ofisoshi, makarantu, asibitoci da cibiyoyin jarrabawar kwamfuta da dama da ke Gusau, akwai wata na'ura da ke zaune tsakanin kwamfutocin cikin gida da layin intanet, tana tace abin da zai shiga da abin da zai fita. Ita ce katangar tsaro, wadda masu aikin suka fi kira fayawol. A wani wuri ƙaramin akwatin MikroTik ne, a wani wuri tsohuwar kwamfuta ce da aka ɗora wa pfSense ko OPNsense, inda kuma ake da hali za a ga FortiGate ko Sophos. Kusan dukansu ana iya saita su su aika wa jami'in da ke kula da su imel idan layi ya yanke, ko wani ya yi ta gwada kalmar sirri ba daidai ba, ko ma'ajiyar na'urar ta kusa cika. Aibin wannan tsari shi ne lalacewarsa ba ta da alama. Idan intanet ya ɗauke, nan da nan wayar jami'i za ta fara ƙara, amma idan saƙon gargaɗi ne ya daina zuwa babu mai kira, domin akwatin imel da ba a aiko masa komai ba kamanninsa ɗaya ne, ko lafiya ce ta sa ko lalacewa. Shi ya sa akan yi watanni ba a sani ba, sai ranar da wani abu ya faru a koma neman saƙon da ya kamata a ce ya zo.

Abin da kowa yake fara yi shi ne danna maɓallin gwaji, kuma a ganina daga nan ruɗani yake farawa. Saƙon gwaji yana tabbatar da abu ɗaya ne kawai, wato a wannan daƙiƙar, da wuta da layi duk lafiya, na'urar ta iya magana da sabar imel, wato kwamfutar da take karɓar saƙonni ta isar da su. Bai nuna cewa za ta ƙirƙiri gargaɗi idan abu ya faru ba, balle halin da za ta shiga a lokacin da layin ya faɗi. A pfSense ma, a shafin saita sanarwa an rubuta ƙarara cewa saƙon gwaji zai tafi ko da an kashe sanarwar imel gaba ɗaya, kuma bayanan da aka adana na ƙarshe ne za a yi amfani da su, ba lallai waɗanda ake gani a allo ba. Ke nan mutum zai iya ganin gwaji ya iso alhali tsarin a kashe yake, ko kuwa ya gyara kalmar sirri ya danna gwaji kafin ya adana, a ƙi karɓa, ya ɗauka gyaran ne bai yi ba. Abin da ya fi amfani shi ne a bi saƙon tun daga inda ake ƙirƙirarsa har zuwa akwatin da ake karantawa, kada a tsallaka wani zango sai an ga shaidar cewa ya wuce wanda ke gabansa.

Zangon farko yana cikin na'urar kanta. Galibin waɗannan na'urori suna jera abubuwan da suka faru bisa matakan tsanani guda takwas na tsarin syslog, daga 0, wanda yake nufin na'ura ta durƙushe, zuwa 7, wanda yake na bin diddigin ƙananan bayanai. 2 shi ne mai hatsari, 3 kuskure, 4 kashedi. Idan an saita imel a kan mataki na 2, abin da na'urar ta ɗauka kashedi ne kawai za ta rubuta shi a kundinta na abubuwan da suka faru ta yi shiru, ko da a wurin mai ofis babban al'amari ne. A MikroTik, cike adireshin sabar imel bai wadatar ba, sai an haɗa shi da wata doka a sashen rubuta kundi ko a Netwatch, sashen da yake sa ido a kan ko ana kaiwa ga wani adireshi, wadda za ta ce idan kaza ya faru a aika. Saboda haka kundi ake fara buɗewa a nemi lamarin a daidai lokacin da ya faru. Sai dai a nan wutar lantarki takan shiga tsakani: MikroTik a yadda take fitowa daga kamfani tana ajiye kundinta ne a ƙwaƙwalwar wucin gadi, layi 1000 kacal, kuma duk lokacin da aka ɗauke wuta kafin janareta ya tashi, ko batirin inbata ya ƙare da dare, kundin ya tafi ke nan. Ofishin da ba ya tura kundinsa zuwa wata kwamfuta ta daban zai yi ta bincike ne babu shaida a hannu.

Zango na biyu, fitar saƙo daga na'ura, shi ne ya fi cin lokaci, kuma shi ne aka fi yi wa gurguwar fahimta. Katangar tsaro tana bambanta zirga-zirgar da take wucewa ta cikinta da wadda ita kanta ta ƙirƙira. Dokokin da suka ba kwamfutocin ofis damar fita ba lallai su shafi na'urar ba. A MikroTik da sauran na'urorin da aka gina a kan Linux, abin da ya ratsa yana bin jerin dokoki daban, abin da na'urar ta aika da kanta yana bin wani jerin daban. Jami'in da ya ce "ai daga kwamfutata imel yana tafiya" bai gwada hanyar da gargaɗin yake bi ba. Dole gwajin ya fito daga cikin na'urar.

Wannan bambanci ya fi yin illa a inda ake da layi biyu, kamar ofishin da zai haɗa layin rediyo ko na Starlink da modem mai layin MTN ko Airtel a matsayin madadi. Sau da yawa akan saita yadda ma'aikata za su koma layi na biyu idan na farko ya faɗi, a manta cewa zirga-zirgar na'urar kanta tana bin babbar mafitar da aka ba ta tun farko, wato layin da aka saita mata ta riƙa fita ta kansa. Sai layin farko ya yanke, ma'aikata su ci gaba da aiki a kan madadi ba tare da sun lura ba, na'urar ta ƙirƙiri gargaɗi daidai yadda aka umarce ta, sannan ta yi ƙoƙarin fitar da shi ta layin da ya mutu. Tamkar a ce wa direba idan motarsa ta lalace tsakanin Tsafe da Gusau ya tuƙo ta ya zo ya sanar. Sakamakon shi ne ofis ya yi kwanaki yana ƙona datar layin waya, ba a san babban layi ya faɗi ba sai datar ta ƙare. A pfSense maganin shi ne a mai da rukunin mafitai, wanda ya haɗa layukan biyu, ya zama babbar mafita, ta yadda na'urar ma za ta sauya layi tare da kowa. Haka kuma dole a duba DNS, tsarin da yake fassara suna zuwa lambar adireshi, domin kafin na'ura ta kai ga smtp.gmail.com sai ta fara neman lambar adireshinsa, kuma idan duk sabobin DNS ɗinta an ɗaure su ne da layin farko, sauya mafita ba zai tsinana komai ba. Wani lokaci kuma DNS yakan dawo da adireshin IPv6, wato sabon salon lambar adireshi, ga na'urar da take zaton tana da hanyar IPv6 alhali ba ta da ita, sai ta yi ta jira har wa'adi ya ƙare.

Idan hanya a buɗe take, sai maganar ƙofa, wato lambar da ake tuntuɓar saba ta kanta. Ƙa'idar aika imel ta SMTP, wadda Jon Postel ya rubuta a 1982, ta fara ne da ƙofa ta 25, kuma har yau ta nan sabobin imel suke miƙa wa juna saƙo. Amma kamfanonin intanet da yawa sun toshe wa abokan cinikinsu fita ta wannan ƙofa saboda masu watsa saƙonnin banza, kuma ko ta buɗe, adireshin layin waya ko na gida yakan kasance cikin jerin da ƙungiyoyi irin su Spamhaus suka ware a matsayin waɗanda bai kamata su aika imel kai tsaye ba. Ƙofofin da suka dace da na'ura su ne 587 da 465, kuma ba iri ɗaya suke aiki ba. A 587 ana fara gaisuwa a sarari, sannan a nemi komawa ɓoyayyar magana da umarnin STARTTLS. A 465 kuwa tun kalmar farko a ɓoye ake yi, kamar yadda ƙa'idar da aka fitar a 2018 ta tabbatar. Idan aka zaɓi 465 aka bar salon 587, na'ura za ta tsaya jiran gaisuwa, sabar ma tana jiran a fara ɓoye magana, kowa na jiran kowa har wa'adi ya cika, kundi kuma ya rubuta cewa lokaci ya ƙare kawai, wanda hakan yakan sa a zargi kamfanin intanet ba da haƙƙinsa ba. A na'urar da ke da wurin rubuta umarni, kamar pfSense, umarnin openssl s_client yana nuna zancen gaba ɗaya: idan lamba 220, wato gaisuwar sabar, ta fito ko aka ga takardar shaidar da sabar take tabbatar da ko ita wace ce da ita, hanya da ƙofa sun fita daga zargi. Idan kuwa an haɗu amma komai ya tsaya cak a daidai lokacin da sabar take turo takardar shaidarta, a duba girman ƙunshin bayanai, musamman a layin PPPoE, irin wanda ake haɗawa da suna da kalmar sirri, da iyakarsa take bayit 1492 maimakon 1500, ko layin da ya bi ta cikin VPN.

Agogo abu ne da ba a cika tunawa da shi ba, alhali a wurin da wuta take yawan ɗaukewa yana cikin manyan waɗanda ya kamata a tuhuma. Kowace takardar shaida tana da ranar fara aiki da ranar ƙarewa, kuma na'ura tana auna su ne da agogonta. Da yawa daga ƙananan na'urorin MikroTik ba su da batirin riƙe agogo, har an san su da farkawa a watan Janairun 1970, haka ita ma tsohuwar kwamfutar da batirin allonta ya mutu takan farka a wata shekara da ta wuce. Har sai na'ura ta sami sabar lokaci ta NTP ta gyara kanta, duk takardar shaidar da aka nuna mata za ta iya ganin ranarta ba ta zo ba tukuna, ta ƙi aminta. Wannan ne yakan sa saƙon da ya kamata ya sanar da cewa na'ura ta sake tashi bayan ɗaukewar wuta ya zama shi ne ba ya zuwa, alhali gwajin da aka yi da rana tsaka yana tafiya lafiya. Tsufan manhaja ma yana haifar da irin wannan: a ranar 30 ga Satumba, 2021 wata tsohuwar tushen shaida da takardun Let's Encrypt, wata cibiyar bayar da takardun shaida, suka daɗe suna dogara da ita ta ƙare, na'urori da yawa da ba a sabunta ba suka daina aminta da sabobin da ba su da wani laifi. A shekarar ne kuma aka ayyana daina amfani da tsofaffin salon ɓoye magana na TLS 1.0 da 1.1. Akwai wurin da ake cire alama a ce wa na'ura kada ta binciki takardar shaida, kuma yana sa saƙo ya tafi nan take, amma ban ga hikimar a ce na'urar da aka saya domin tsaro ita ce take miƙa kalmar sirri ga duk wanda ya amsa mata ba. Gyara agogo da sabunta manhaja su ne magani.

Daga nan sai shiga akwatin da ake aikawa da shi, kuma a nan sabar takan faɗi laifin da bakinta: lamba 535 tana nufin ba a karɓi suna da kalmar sirri ba. Tun ranar 30 ga Mayu, 2022 Google ya daina barin na'urori su shiga akwatunan Gmail na ɗaiɗaikun mutane da kalmar sirri ta yau da kullum, daga baya kuma dokar ta kai ga akwatunan ma'aikatu na Workspace. Abin da ya rage wa na'urar da ba ta san sabon salon shiga ba shi ne kalmar sirri ta musamman mai harafi 16, wadda ba a samunta sai an kunna tabbatarwa mai mataki biyu. Abin lura shi ne ranar da mai akwatin ya canza babbar kalmar sirrinsa, Google yana soke waɗannan kalmomi na musamman gaba ɗaya, kuma babu wanda zai tuna da fayawol a ranar. Microsoft ma ya rufe tsohon salon shiga ga yawancin hanyoyin Exchange Online, sabis ɗinsa na imel, tun Oktoban 2022, ya bar na SMTP na ɗan lokaci, ya kuma sanar da cewa shi ma zai tafi. A ma'aikatu da yawa a kashe yake har sai mai kula da tsarin ya kunna wa akwati guda.

Sai dai fiye da rabin wahalar wannan zango, a nawa ganin, ta tsarin aiki ce. An saba a ga ɗan kwangilar da ya kafa na'ura, ko ɗan bautar ƙasa da aka turo sashen kwamfuta, ya sa akwatin Gmail ɗinsa na kansa domin a gama aiki da wuri. Shekara ta ƙare ya koma garinsu, ya canza kalmar sirri ko ya yar da layin wayar da ake turo lambar tabbatarwa, gargaɗi ya mutu. Wani lokaci ma saƙon yana tafiya daram, amma zuwa akwatin wanda ya bar aiki, wato mutumin da ba ma'aikaci ba yana karanta bayanan tsaron ofis. Akwatin aikawa ya kamata ya zama mallakar ma'aikata, adireshin karɓa kuma ya zama na rukuni mai mutum biyu ko uku.

Lambobin amsa suna da wani darasi. Waɗanda suka fara da 5 ƙi ne na dindindin, waɗanda suka fara da 4, kamar 421 da 451, suna nufin a dawo an jima. Cikakkiyar sabar imel tana da layin jira, kuma ƙa'idar SMTP ta 2008 ta ba da shawarar a ci gaba da gwadawa har kwana huɗu zuwa biyar. Katangar tsaro galibi ba sabar imel ba ce. Takan gwada ne, idan bai yiwu ba ta rubuta layi ɗaya a kundi ta watsar. Inda layi yake yawan yankewa, kafa ƙaramar sabar Postfix a cikin ofis, wadda za ta karɓi saƙo daga fayawol ta riƙe shi har layi ya dawo, yana hana saƙonni salwanta, ko da yake zuwansu zai makara.

Idan kundi ya nuna 250, an karɓi saƙo, kuma abin da ya rage yana ɓangaren mai karɓa. Tun Fabrairun 2024 Gmail yake buƙatar duk mai aiko masa saƙo ya kasance da SPF ko DKIM, wato shaidar da ke cikin DNS cewa wannan saba tana da izinin aikawa da sunan wannan yanki, wato sashen adireshin da ke bayan alamar @, sannan DMARC yana faɗin abin da za a yi da saƙon da ya kasa. Na'urar da aka rubuta mata adireshin ma'aikata a wurin sunan mai aikawa, alhali tana bi ta sabar da ba ta cikin jerin SPF na ma'aikatar, a idon mai karɓa ba ta da maraba da ɗan damfara. Haka adireshin ƙage da ya ƙare da .local. Mafi sauƙi shi ne sunan mai aikawa ya zama akwatin da aka shiga da shi. Microsoft ma yakan ƙi saƙon kai tsaye idan sunayen biyu suka saɓa ba tare da an ba da izini ba. Duk saƙon da aka tsinta a cikin tarkace, wato akwatin saƙonnin banza, a buɗe asalinsa a karanta layukan da ke samansa, domin kowace saba da ya ratsa ta rubuta sunanta da lokaci, an kuma rubuta sakamakon SPF da DKIM a fili.

Akwai kuma shirun da yawan magana yake jawowa. Layin rediyo da iskar damina take kaɗa eriyarsa zai iya faɗuwa ya tashi sau ɗaruruwa a dare guda, kowane da saƙonsa. Akwatin Gmail na kyauta ba ya wuce saƙo 500 a yini, kuma idan an kai iyaka akan dakatar da aikawa har zuwa awa 24, ta yadda gargaɗin gaske da zai zo da safe ba zai sami hanya ba. Ko ba a kai iyaka ba, jami'in da wayarsa ta cika da saƙonni iri ɗaya yakan kafa matatar da za ta kwashe su zuwa wani kusurwa, daga nan kuma ba ya sake dubawa. Ƙara wa na'ura haƙuri kafin ta yanke cewa layi ya faɗi, da tara ƙananan abubuwa a rahoto guda na yini, sun fi kowane gyaran ƙofa amfani a irin wannan hali.

Bayan duk wannan, akwai iyakar da imel ba zai tsallake ba, kuma mutanen Zamfara sun gan ta da idonsu. A farkon Satumban 2021 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin waya su rufe sabis a faɗin jihar saboda yaƙi da 'yan bindiga. An dawo da shi a Gusau a farkon Oktoba, sauran sassa kuwa sai ƙarshen Nuwamba. Na'urar da duk layukanta suka dogara da turakun waya ba ta da ta inda za ta yi magana a irin wannan lokaci, haka wadda wutarta ta ɗauke gaba ɗaya. Sanarwar Telegram da pfSense take iya aikawa tana kauce wa matsalolin kalmar sirri da tarkace, amma ita ma intanet ɗin take bi. Saboda haka dole a juya tsarin: a sa na'ura ta riƙa aiko gajeren saƙon lafiya a ƙayyadadden lokaci kowace safiya, ko kuma a sa wata saba da ke wajen ofis, ko ma wajen jihar, ta riƙa sauraron bugun da na'urar take turo mata, ta yi ƙara idan ya tsaya. Salon da na'ura ce take tura bugun ya fi dacewa da layin waya da na Starlink, domin galibi mutane da yawa ne suke raba adireshi guda, ba a iya ƙwanƙwaso na'urar daga waje.

Gwajin da ya cancanci a dogara da shi ana yin sa ne bayan an tashi aiki. A zare wayar babban layi a jira a ga ko gargaɗi zai iso ta madadi, a mayar da ita a ga ko saƙon dawowa zai zo, sannan a kashe wutar na'urar gaba ɗaya a sake kunnawa. Wajen gwama lokacin da ke kundi da wanda ke saman saƙon, a tuna cewa agogon Najeriya yana gaban UTC, wato agogon duniya, da awa guda, kuma na'urori da yawa a kan UTC suke fitowa daga kamfani.